Ƙirar Kayan Ado a Ƙasar Gumel: Daga Azurfa Zuwa Fallen Ƙarfe da Waya

Masu nazarin sana'o'in Hausawa sun saba raba ƙira gida biyu, watau ƙirar baƙi da ƙirar fari. Maƙerin baƙi shi ne mai aikin baƙin ƙarfe, wanda fartanya da garma da gatari da lauje da mashi suke fitowa daga hannunsa. Maƙerin fari kuwa aikinsa azurfa da tagulla da jan ƙarfe, shi ne mai zobe da munduwa da warwaro da 'yan kunne. Wannan rabo ba ƙagen manazarta ba ne, maƙeran da kansu suke yin sa, ya kuma fito sarai a cikin nazarin da Philip Jaggar ya yi a kan maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994. Sai dai akwai wani irin aiki da ya faɗa tsakanin gidajen biyu, wanda saboda haka ba a cika kula da shi ba, shi ne yin kayan ado da fallen ƙarfe da waya. Ƙarfen na maƙerin baƙi ne, aikin kuwa na maƙerin fari. Wannan maƙala za ta bi sawun aikin a ƙasar Gumel, ta duba inda ƙarfen ya fito, da yadda ake koyon sarrafa shi, da kuma dalilin da ya sa bai taɓa samun martabar azurfa ba.

Ƙasa da hanyoyinta

Ƙasar Gumel a yau ƙananan hukumomi huɗu ce, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Ƙasar rairayi ce, jigawa bisa jigawa, dutsen tama bai wadata a cikinta ba kamar yadda ya wadata a wajajen Kano da Zazzau da Katsina. Azurfa da jan ƙarfe kuwa babu su sam a cikin ƙasar. Ashe ke nan tarihin ƙira a nan tarihin hanya ne tun farko. Abin da fatake suka kawo, shi maƙeri ya ɗora a kan uwar maƙera.

An kafa masarautar wajen 1750, a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, ba da jimawa ba ta shiga ƙarƙashin Barno. Jihadin 1804 bai ci ta ba, don haka ta zauna tana bakin iyakar Barno ta yamma, Kano tana kudu maso yamma da ita, Haɗeja tana gabas, Damagaram tana arewa. Tsohuwar fadarta tana Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, kafin a dawo garin Gumel gab da tsakiyar ƙarni na 19. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka a Gumel cikin watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, a zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Ya tarar da kasuwa mai ci ƙwarai, ya kuma bayyana garin a matsayin babbar mahaɗar cinikin kanwa, domin mutanen Barno ba su cika wuce Gumel da kayansu ba, a nan wasu fatake suke karɓa su nufi Kano har Nufe. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya iske garin ya lalace saboda rikicin gadon sarauta. Daga nan kuma yaƙe-yaƙe da Haɗeja, da hare-haren Damagaram a ƙarshen ƙarnin, suka hana ƙasar sakat har zuwan Turawan Ingila a 1903.

Abin lura a nan shi ne, garin da ayarin kanwa yake sauke kaya ba ya rasa azurfa. Ayari ba ya komawa hannu rabbana.

Ƙarafan da aka sani kafin jirgi

Jan ƙarfe tsohon baƙo ne a wannan yanki. Ibn Baɗɗuɗa ya je Takedda, a yammacin Agadas, a 1353, ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna da shi, ana kai su Gobir da Barno. Shekara ɗari biyar bayan haka Barth ya tarar ana kawo shi Kano ta hanya biyu, daga Tarabulus ta hamada, da kuma daga ma'adinan kudancin Darfur ta hannun fataken Wadai. Azurfa kuwa mafi yawanta kuɗi ce aka narka. Dalar nan mai kan Mariya Tireza ta ƙasar Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta, nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. A Kano ta zamanin Barth ana canjin guda da wuri 2,500. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899 sai sinko ta biyo baya, watau tammar faran biyar, mai giram 25, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Ƙasar Gumel, da yake tana bakin iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908, kuɗin Turawan biyu duk sun ratsa ta. Ita kanta kalmar azurfa baƙuwa ce, daga harshen Buzaye ta shigo, wanda ya isa ya nuna ta inda Bahaushe ya fara ganinta.

Baƙin ƙarfe shi ne na gida, ko da yake ba na ƙasar Gumel ba. Labarin kafuwar Kano ma da shi ya fara, inda aka ce Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama har suka zauna a gindin Dala. Amma ƙarfen da ake samu daga tama ba ya zuwa a shimfiɗe ko a zare. Curi ne mai ƙuraje, haɗe da kashin maƙera, sai an yi ta ƙona shi ana duka kafin ya zama abin aiki. Kafin a fitar da falle mai faɗin tafin hannu daga irin wannan curi an sha wuya, an kuma ƙona gawayi mai yawa. Mai hankali ba zai ɓata wannan wahala a kan ɗan kunne ba alhali ga damina tafe ana neman fartanya.

Waya ta fi falle wuya. Azurfa da jan ƙarfe suna da laushi, ana iya dukan sandarsu ta sirance, sa'an nan a riƙa jan ta da awartaki ta cikin hudojin wani farantin ƙarfe, daga babbar huda zuwa ƙarama, har ta zama kamar zare. Baƙin ƙarfe ba ya yarda da wannan da sauƙi. Shi ya sa sulke, wanda ba kome ba ne illa dubban ƙananan zobba na wayar ƙarfe da aka sarƙe, ya zama kayan sarakuna. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne, a wajen 1390 zuwa 1410, ya shigo da sulke da kwalkwali da lifidi. Dixon Denham ya ga mahaya masu sulke a rundunar Shehu Laminu a Kukawa a 1823, kuma binciken da A. D. H. Bivar ya buga a 1964 ya nuna cewa tsofaffin sulkunan da suke fadodin Arewa daga waje suka zo, wasu suna da alaƙa da Masar ta zamanin Mamluk. Aikin maƙerin fada a kansu gyara ne, ya maye zoben da ya tsinke. Masana harshe suna danganta kalmar sulke da kalmar Larabci mai nufin waya, wadda ta iso Hausa ta bakin Barebari. In haka ne, to, ta ƙasashen iyaka irin su Gumel ta ratso.

Wannan ba ya nufin ba a sa baƙin ƙarfe a jiki ba. An sa, amma ba don kyau kawai ba. Zoben ƙarfe da ƙarfen damtse sun fi tafiya da magani da tsari, irin na 'yan tauri da mafarauta da 'yan bori, akayau kuma yana ƙafar masu rawa don amonsa. Malamai kuwa suna da nasu ra'ayi, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa da Barno ya karanta, ta kawo hani ga namiji ya sa zoben zinariya ko na baƙin ƙarfe, ta bar masa na azurfa. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan nauyi. Baƙin ƙarfe a ƙafar ɗan Adam, a ƙarni na 19, mari ne. A ƙasar da Damagaram take kai wa hari tana kwasar mutane, ba a bukatar a gaya wa kowa bambancin munduwar tagulla da ƙarfen bawa, ko da yake dabarar rufe su ɗaya ce, a ɗora ƙafa kusa da maƙera a daki bakin ƙarfen ya haɗe, kuma duka biyu sai maƙeri yake cire su.

Abin da jirgi ya kawo

A Ingila, tun 1856 Henry Bessemer ya fito da hanyar yin ƙarfe mai tauri da yawa kuma da araha. Irin wannan ƙarfe baƙin ƙarfe ne da aka daidaita masa ɗan sinadarin gawayi, watau kabon, abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Hausa ba ta ware masa suna ba, domin ita da launi take rarrabe ƙarafa, baƙi da ja da fari, don haka ya shiga cikin baƙin ƙarfe ya zauna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma ja reshe daga Kano ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori har Nguru, wanda aka kammala a 1930. Don gyaɗa aka yi wannan reshe, ba don maƙera ba. Amma tashar Gagarawa ta zama ƙofar da ƙasar Gumel ta samu ƙarfe irin wanda ba ta taɓa gani ba.

Ba sabon ƙarfe ake sayar wa maƙeri ba, saura ne da juji. Akwai garwar kananzir, wadda fallen ƙarfe ce marar kauri da aka shafe da kuza. Akwai duro mai kauri, da gwangwani, da kwanon rufi da aka shafe da tutiya. Akwai langa-langa, watau ɗamarar ƙarfen da ake ɗaure dilar yadi da ita a kantunan kamfanoni, da wayar ɗaurin kaya, da wayar ƙafar keke, daga baya kuma ga ƙarafan mota. Abin da a dā sai an kwana ana duka kafin a samu, yanzu ga shi a yashe bayan kanti. Cikin shekaru kaɗan narkar da tama ta mutu a mafi yawan ƙasar Hausa, domin ba wanda zai sare itace ya haƙa rami alhali ga ƙarfen jirgi.

A daidai wannan lokaci kuma azurfa ta fara ƙaranci. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da sule da fataka da sisi da taro na azurfa a 1913, maƙeran fari suka samu abin narkawa, mata suka samu abin jerawa a kitso. Amma a 1920 aka daina buga su da azurfa, aka koma wani gaurayen tagulla. Maƙerin farin ƙauye, wanda masu sayen kayansa talakawa ne, sai ya ga tsohon ƙarfensa yana tsada, sabo kuwa kusan kyauta. A ƙauyuka ma sau da yawa maƙera ɗaya ce take aikin baƙi da na fari, don jama'ar ba su kai su riƙe biyu ba. A irin waɗannan maƙeru ne, ba a manyan birane ba, aikin ya fi samun gindin zama.

Yadda ake koyo

Ƙira gado ce, yaro yana buɗe ido ya gan shi a maƙera. Aikinsa na farko zuga. Yana zaune bayan zuga-zugi yana danna fata dama da hagu, yana ɗebo gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so don zafinsa da jimirinsa. Mai kallo zai ɗauka bauta ce kawai, amma a nan ne yaro yake koyon karatun wuta, ya san ja mai duhu, da ja mai haske, da lokacin da ƙarfe ya fara tartsatsi alamar ya ƙone. Ba a yi masa bayani. In ya yi daidai a yi shiru, in ya kuskure ya ji tsawa. Sunayen kayan aiki ma a bakin aike yake tsintarsu: miƙo masaba, ina awartaki, kawo magagari, ɗauko matsoni.

Babban abin da ya raba wannan aiki da ƙirar fari ta asali shi ne wuta. Azurfa tana narkewa a digiri 962, jan ƙarfe a 1,085, tagulla ƙasa da haka, kuma wutar gawayi da zuga-zugi ta isa ta kai nan. Don haka maƙerin fari yana narka ƙarfensa a ɗan kasko ya zuba a mazubi, ko ya siffanta abin da yake so da kakin zuma ya lulluɓe da yumɓu ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin kakin, kamar yadda maƙeran Agadas suka shahara da yi. Baƙin ƙarfe kuwa sai digiri 1,538, maƙerar gargajiya ba ta narkar da shi. Ashe duk wata dabara ta zubi ta faɗi. Abin da ya rage shi ne yanka da lanƙwasa da murɗa da huda da goga, kuma kuskure ba ya gyaruwa. Azurfar da aka ɓata ana mayar da ita kasko, fallen da aka yanka ba daidai ba kuwa ya tafi ke nan.

Da waya ake farawa, don ita ce mai araha. A ba yaro tsohuwar waya ya miƙe ta da guduma a kan maƙera, ya goge tsatsarta da yashi. Sa'an nan ya koyi sa ta laushi, a nan ne kuma ɗan gidan ƙirar fari yake fara cin karo. Ya saba in an gasa tagulla ko jan ƙarfe ya yi ja sai a tsoma a ruwa, ya fito da laushi. In ya yi wa wayar ƙafar keke ko ƙarfen sifirin haka, sai ta fito da tauri, yana lanƙwasawa ta karye kamar tsinke. Dalili kuwa kabon ɗin da yake cikinta ne, wanda sanyin gaggawa yake ɗaurewa. Maganin abin shi ne a gasa ta ta yi ja, a binne cikin toka mai ɗumi ta huce a hankali. Wayar ɗauri, da yake nata kabon kaɗan ne, ba ta da wannan hali sosai. Maƙeri bai san sunan kabon ba, amma ya san wace waya ce mai zuciya, da hannu da kunne yake gane ta.

In waya ta yi laushi sai a koyi naɗi. A samu sandar ƙarfe mai kaurin zoben da ake so, a naɗe wayar a jikinta ƙut da ƙut, a zare sandar, a bi gefe ɗaya da kurfi a datse, sai ga ƙananan zobba masu girma ɗaya suna zubowa. A buɗe wannan a saƙala a wancan a matse baki, sarƙa ta samu. Mai karatu zai lura cewa dabarar sulke ce wannan, ba ƙari ba ragi, sai dai abin da ya kasance na barde ya dawo wuyan budurwa. Bayan naɗi sai murɗi. A haɗa waya biyu ko uku, a kafe kai ɗaya, a ɗaura ɗayan a guntun itace a yi ta juyawa har su zama kamar igiya. Ana auna hannun mai saye da zare, a yanka, a lanƙwasa a jikin muciya ko wani itace mai kauri, warwaro ya fito. In an bi murɗin da guduma an ɗan baje shi sai ya ba da zane kamar kitso. Wani lokaci a murɗa ta ƙarfe da ta jan ƙarfe tare don launi biyu. Gwanin murɗi ana gane shi ne da daidaito, ba a ganin inda ya matse da inda ya saki.

Falle sai wanda hannunsa ya faɗa ake ba shi. A farke garwa ko gwangwani a shimfiɗe, a zana siffa da tsinken ƙarfe, a yanka da almakashi in marar kauri ne, ko da kurfi a kan maƙera in na duro ne. A bi baki da magagari, domin fallen ƙarfe da ba a goge ba aska ne, yana yanka kunne da wuya. Ado kuma da matsoni ake yin sa, ɗigo bayan ɗigo, ko layuka masu giciye, ko siffar laya mai kusurwa uku, ko wata da tauraro, ko dagi. In ana son ƙumbo sai a ɗora fallen a kan ramin da aka fafe a kututture a daddaka shi ya lotsa. Biyu irin wannan in an kifa su aka sa tsakuwa a ciki sun zama ƙararrawa, ta akayau ko ta adon doki. Haɗi kuwa hanyarsa uku. Garwa tana karɓar sinadari da sauƙi saboda kuzar da take jikinta. Ƙarfe tsirara sai dai a liƙa shi da narkakkiyar tagulla, ko a huda a sa 'yar ƙusa a daki kanta, ko kuma a naɗe baki cikin baki.

Tsatsa ita ce abokiyar gaba. Zufa da ruwan wanka suna cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki, ya ɓata fata da tufa. Ana ɗumama abin a shafe shi da man gyaɗa a mayar wuta, man ya ƙone ya bar baƙin rufi mai sheƙi. Ko kuma a goge shi fari tas da toka da lallausan yashi, a bar wa mai shi aikin gogewa kullum. Tagulla ba ta da wannan fitina, ruwan tsamiya ya ishe ta. Akwai kuma wata cuta da sabon ƙarfe ya kawo wadda tsofaffi ba su sani ba. Kwanon rufi in an sa shi a wuta tutiyar jikinsa tana tashi da farin hayaƙi, wanda ya shaƙe shi sai ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, a ɗauka sauro ne.

Wani abin da ya kamata masu nazarin zaman jama'a su duba shi ne, rabin wannan aiki ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Da awartaki da almakashi da 'yar guduma mutum zai zauna a gindin bishiya ya yi. Jari ba shi da yawa, ba kuma wanda zai ba shi amanar azurfa balle a zarge shi da sirki. Wannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su gada ba, masu yin fitilar aci-balbal da mazurari da gwangwani, da 'yan koli, da samarin da suka taso suna ƙera motar wasa da langa-langa. Katangar gado, wadda ta tsare ƙira shekara da shekaru, a nan ta fara tsagewa.

Daraja

Duk da haka ƙarfe bai gaji azurfa ba, kuma dalilin ba na kyau ba ne. Munduwar azurfa ajiya ce. Macen da take da ita tana ɗauke da dukiyarta a hannu, dukiyar da miji ba shi da iko a kanta, kuma ranar da abinci ya yanke ana ɗora ta a ma'auni a biya kuɗin nauyinta, ko ta tsufa ko ta lanƙwashe. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da farin 1973, kayan ado da dabbobi suna cikin abin da gidaje suka fara fitarwa don sayen hatsi. Warwaron ƙarfe kuwa duk darajarsa aikin hannu ce, ran da aka saye shi ran nan kuɗinsa ya mutu. Saboda haka ya tsaya a hannun 'yan mata masu talla, da yara, da 'yan rawa, da amaryar da gidansu bai kai ga azurfa ba. Ba laifin maƙeri ba ne, don wani warwaron ƙarfen ya fi na azurfa cin aiki nesa ba kusa ba.

Ko a wannan matsayi ma ya samu kishiya. Sanholo, wanda yake narkewa a digiri 660 kacal, fari ne kamar azurfa, ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma ana zuba shi a mazubi. Abin mamaki, da shi aka buga aninin farko a 1907, kafin a sauya a 1908. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yawaita, matan Fulani da na ƙauye suka karɓe shi hannu biyu. Sai kuma arzikin man fetur da kuɗin Udoji a 1975, da yawaitar zuwa Makka ta jirgin sama, suka sa gwal ya zama ma'aunin lefe a birni, ƙauye kuma yana kallon birni. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913, da shi ne zai raba maƙeri da matsalarsa ta tsatsa, amma ba a matsayin falle ko waya ya fi zuwa masa ba. Ya zo ne a ƙere, 'yan kunne da sarƙa daga masana'antun Sin da Indiya, a farashin da hannu ba zai iya karawa da shi ba.

Gwamnati ta yi nata yunƙuri, amma ba ta bi ta maƙera ba. An buɗe masana'antar murza ƙarfe a Katsina a 1982 don yin rodi da waya, Ajakuta kuma da aka fara tun 1979 ba ta kai ga cika aikin da aka yi ta dominsa ba. Tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, ya sa koyon aikin ƙarfe a ƙananan makarantun sakandare, aka shigo da injuna daga Turai, da yawansu suka tsufa cikin akwati don babu lantarki ko malami. Yaron da ubansa yake da maƙera a bayan makarantar an koya masa sunayen kayan aiki da Turanci, ba a taɓa gayyatar uban ya nuna murɗi ba.

Harshe ya riƙe wasu kalmomin, ya sauya musu gida. Sinadari, wanda asalinsa abin liƙin maƙeri ne, yanzu yana cikin miya da littafin kimiyya. Zuga ta koma ingiza mutum. Waya ta tashi daga zaren ƙarfe ta zama ta tangarahu, ta zama tarho, yau kuma sunan abin da ba shi da waya ko ɗaya ne. Ɗalibi zai yi amfani da ukun nan a jimla ɗaya bai san daga maƙera suka fito ba, amma kurfi da matsoni, da ba su samu sabon gida ba, sai an buɗa masa ƙamus.

Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, raƙuma da shanu daga Nijar, kuma duk da rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ta ci gaba da tara maƙera da masu sayen kayansu, domin makiyayi da manomi ba su daina bukatar linzami da wuƙa da fartanya ba. Aikin baƙi ya tsira da wannan. Ɗanyen kayan mai aikin falle da waya kuwa ya daina zama kyauta. 'Yan gwangwan suna bin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa gida gida da sikeli, suna sayen tsohon duro da langa-langa da waya a kan kilo, a loda a manyan motoci a kai masana'antun narka ƙarfe na kudu. Tsohon akayau da warwaron da ya yi tsatsa a ƙasan adudu su ma kilonsu ake biya.